Dashen itatuwa: sana'a ce ko leburanci?

Tambaya: Wani bawan Allah daga cikin garin Gombe, sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarsu, ya aiko da cewa: "Assalamu alaikum. Muna da matasa wajen talatin, ba karatu ba sana'a. Wasu a firamare suka tsaya, wasu tsoffin almajirai ne, biyu ko uku kuma sun taɓa bin 'yan Kalare, wato 'yan dabar siyasar Gombe. Wani attajirin unguwa ya yi alkawarin kuɗin da zai riƙe su shekara guda. Jama'a suka ce a kai su ɗinki da walda. Ni kuma na kawo shawarar a koya musu aiki ta hanyar dashen itatuwa da gyaran kwarin da ke cin bayan unguwarmu, sai aka yi mini dariya, wai wannan ai leburanci ne. Don Allah wa ya fi gaskiya, kuma ta ina za mu fara?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri, kai da shi Alhajin. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: waɗanda suka yi maka dariya suna da rabin gaskiya. Haƙa rami a zura tsiro a mayar da ƙasa, yaro ɗan shekara goma zai koye shi kafin hantsi ya dubi ludayi. Abin da ake koyo a safiya ɗaya kuwa babu mai biyan tsada a kansa, tunda kowa ma ya iya. Idan abin da za ku yi ke nan, ku tara yara ranar bikin dashe, a raba riguna, a ɗauki hoto, a ba kowa na cefane a watse, to gara waldar sau goma.

Na daɗe a aikin gandun daji, mafi yawan shekarun a lambun rainon dashe, tun Gombe tana cikin tsohuwar jihar Bauchi kafin a yanke ta a 1996. Abin da idona ya gani shi ne, sana'ar tana gaban dashen da kuma bayansa. Gabansa akwai zaɓen iri, tsirar da shi, rainonsa da yi masa aure, wato ɗaura reshen itace mai kyawun 'ya'ya a kan wani tsiro. Bayansa akwai raya shi har ya ƙetare rani biyu. Waɗannan ba kowa ya iya ba, kuma ana biya a kansu.

Don haka kafin ku sayi ko da shebur ɗaya, ku zauna ku amsa tambaya guda: ranar da kuɗin Alhaji ya ƙare, wane ne zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya ba yaron nan, kuma a kan me? Duk aikin da kuka rasa sunan mai sayensa, ku cire shi daga lissafi. A Gombe masu sayen suna nan. Akwai masu lambu a Daɗin Kowa da Kwadon da wajen madatsar Balanga, kullum cikin neman mangwaro da lemo da gwaiba masu aure. Akwai masu sababbin gidaje a Tumfure da sauran bayan gari da ke son inuwa da fulawa, da wanda zai riƙa zuwa yana gyara musu. Akwai makarantu da masallatai da maƙabartu. Sannan ga gwamnati: shirin nan na dashen itatuwa, 3G (Gombe Goes Green), da Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019 da burin dasa itace miliyan 4 cikin shekara 4, shirin ACReSAL na Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai dala miliyan 700, da aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, wadda Gombe da Bauchi suna cikin jihohi 11 da take aiki. Duk waɗannan dashe suke buƙata da masu kula da shi. Sai dai ina gargaɗin ka, ka ɗauki cinikin gwamnati a matsayin gyara. In ya zo alhamdulillahi. Kada ka ɗora tukunyar yaran a kansa, domin biyan gwamnati ba ya da ranar zuwa, tsiro kuma ba ya jiran a sa hannu a fayil.

To, lambun raino. Nan ne makarantar.

Abu na farko ruwa. Ka fi ni sanin halin ruwa a Gombe. Lambun da za a riƙa sayen ruwansa a kura daga hannun 'yan garuwa ya mutu tun ba a haife shi ba. Ku nemi fili kusa da rijiyar burtsatse ko bakin fadama, ko da ya yi nisa da unguwa, a kewaye shi, a yi rumfar zana mai shigar da hasken rana kaɗan-kaɗan. Ƙasar da ake cika leda da ita haɗi ce: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya taki wanda ya ruɓe sosai, a tankaɗe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma gara yake kira. Yaro ya damƙi haɗin da ɗan damshi a tafin hannunsa: in ya dunƙule, ya taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya manne kamar yumɓu, a ƙara yashi. Wannan gwajin hannu ne ke koyon sa, allo ba ya koyar da shi. Ledar fiya wata da ta cika kwatocinku ma tana aiki ga irin su zogale da darbejiya, a yanke bakinta a huda gindin. Mangwaro da lemo su sai babbar baƙar leda, don za su daɗe a ciki.

Kowane iri da halinsa, kuma sanin wannan hali shi ne farkon abin da ke raba gwani da lebura. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa. In ya yi 'yan makonni ya mutu, sai a wanke shi a shuka da ɗanyensa. Haka ƙwallon mangwaro, kuma ya fi saurin fitowa in an fasa ɓawon a hankali an ciro na cikin. Su kuwa gawo, bagaruwa, ƙirya, ɗorawa da kuka, ɓawonsu kamar dutse. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan irin a bar shi ya kwana, ko a ɗan ƙwarzane bayan kowane ƙwaya da abin yankan farce. Shi ya sa kake ganin gawo yana yawan tsirowa inda awaki ke kwana: cikin akuya ya riga ya yi masa wannan aiki. Zogale shi ba ruwansa, mako ɗaya zuwa biyu ya fito.

Sai wani aiki da raggo ke tsallakewa, shi ne ɗaga leda. Duk bayan mako biyu ko uku a ɗaga kowace leda a matsar da ita, a datse saiwar da ta huda gindi. In aka bari saiwar ta kama ƙasa, ranar da za a kwashe sai ta tsinke, tsiron ya yi yaushi a hanya, mai saye ya dawo yana zagi. Saura mako biyu ko uku a fitar, a rage ban-ruwa a yaye rumfar, tsiro ya saba da wahala tun yana gida. Lokaci kuma ba ya jira. Dashen da ke rayuwa a wajenmu shi ne na ƙarshen Yuni zuwa Yuli, in an matsa farkon Agusta, lokacin da damina ta zauna. Wanda aka dasa a Satumba saiwarsa ba ta kai ko'ina ba ruwa zai ɗauke, sai dai in za a bi shi da bokiti har wata daminar. Ke nan a cika leda tun Fabrairu ko Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma inda kuɗin yake sosai shi ne aure. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara shida zuwa takwas kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba ka da tabbacin irin da zai fito. Mai aure a shekara uku zuwa huɗu ya fara, kuma abin da ka ɗaura shi za ka ci, Binta Suga ce ko Juli ko Paparanda. Wannan ne ya sa farashinsa ya ninka na marar aure. Yadda ake yi: ka samu tsiron ɗan ƙasa da ya kai kaurin fensir. Ka je wurin uwar da kake so, ka zaɓi ƙarshen reshe da ya ƙosa, ka tsinke ganyensa ka bar shi a jikin uwar kamar mako guda har idanunsa su kumbura. Ranar aure ka yanko shi, tsawon taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Ka fille kan ɗan ƙasar, ka tsaga shi a tsakiya kamar gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa. Ka fiƙe gindin reshen ta gefe biyu kamar bakin gatari, da shafa ɗaya ta wuƙa a kowane gefe, ka zura. Sirrin duka yana wuri ɗaya: ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe guda ne, domin a ƙarƙashin ɓawon ne ran itace ke gudana. Ka naɗe da tsinken leda tamau, ka kifa wata 'yar leda a sama kada ya bushe, ka ajiye a inuwa. Mako biyu zuwa huɗu za ka ga toho ja-ja. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi, in ba haka ba ɗan ƙasar zai kashe amaryar.

Na taɓa samun wani yaro da aka kawo mini, mahaifiyarsa ce ta rako shi tana kuka. Akwai tabon sara a damtsensa, ba ya haɗa ido da kowa. Mako uku yana cika leda yana zumɓure-zumɓure. Ranar da na zo koyar da aure, sauran yara suna ta gurzar reshe sau biyar sau shida har ya yi kaca-kaca, shi ya karɓi wuƙar ya duba kaifinta a farcensa, ya ce mini, "Baba, wannan ba ta ci." Ya nemo dutse ya wasa, ya yi shafa ɗaya, yankan ya fito sumul kamar an goge. Na yi shiru, don na san inda ya koyi riƙon wuƙa, shi ma ya san na sani. Bayan mako uku, nasa ne suka fi na kowa kamawa. Da ya ga tohon farko tsugunnawa ya yi ya daɗe yana kallo, ko gaisuwata bai amsa ba. Daga baya masu lambu ke zuwa ɗaukar sa a babur ya je ya yi wa tsoffin itatuwansu aure, a biya shi a kan kowane wanda ya kama. Ba na cewa duk yaranka haka za su zama. Wanda muka ɗauka rana ɗaya da shi baro ya sace ya gudu.

Yanzu batun kwarin bayan unguwarku, kuma a nan ina so ka yi hattara. Garin Gombe a gangare yake, ƙasarsa yashi ce mai saurin zubewa, kuma kowane sabon rufin kwano da kowace kwalta ƙarin ruwa ne da ba ya nutsewa, sai ya taru ya gangaro da ƙarfi. Ga masu ɗibar yashi, ga masu zuba shara suna zaton cikewa suke yi, alhali sharar toshe hanya take yi ruwan ya koma cin gefe. Babban kwari irin na jami'ar jiha zuwa Malam Inna, wanda aka gyara a ƙarƙashin NEWMAP, tsohon shirin Bankin Duniya na yaƙi da zaizayar ƙasa, ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) da ACReSAL ta kama, aikin injiniya ne da manyan motoci da kankare. Idan naku ya fi tsayin mutum zurfi, kada ka tura yaran mutane cikinsa da diga. Gefen kwari yana ruftawa ba sallama, musamman bayan ruwa. Ku rubuta wa ofishin ACReSAL na jiha da ma'aikatar muhalli, ku haɗa da hotuna da sa hannun mai unguwa.

Abin da yaranka za su iya shi ne ƙananan yatsun da ke ciyar da babban. Daga sama ake farawa, inda ruwan ke taruwa. A yi ƙananan shingaye na dutse ko buhunan ƙasa a gicciye, a nutsa gefensu cikin bangon kwarin, tsakiyar ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a shimfiɗa duwatsu a inda zai faɗo kada ya haƙe gindin. A dasa ciyawar jema a jere, kusa da kusa, a gicciyen gangare. Saiwarta tana nutsawa fiye da tsayin mutum, ta riƙe ƙasa, ta tace laka. A koyi saƙa ragar waya a cika ta da dutse. A koyi fitar da layin da ya daidaita da tiyon ruwa irin na magina. Ka lura da abin da yaro ya tafi da shi a nan: awo, lebur, jera dutse, kwaɓa siminti, karanta tef. Wannan rabin gini ne. Ko babu sauran kwari a duniya, ɗan kwangila zai ɗauke shi.

Sai maganar kuɗi, inda yawancin irin waɗannan shirye-shirye ke karyewa. Yaron da kake magana a kansa ba shi da wanda zai ba shi abincin rana. Kullum sai ya fita ya samo, ko dako, ko turin baro, ko jari-bola, ko bangar siyasa. In ka ce ya zo ya koyi aiki wata shida kyauta saboda gobensa, kwana uku zai yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ba shi abincin rana a wurin aiki, a biya shi duk ƙarshen mako ba fashi, ko kaɗan ne. Mako ɗaya aka ce "sai Alhaji ya dawo daga tafiya", amanar wata uku ta rushe, domin waɗannan yara alkawarin ƙarya suka fi sani a rayuwa.

Wannan dabara ba mu muka fara ta ba. A 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar matasa marasa aikin yi don kula da daji da ƙasa. Kafin a rufe ta a 1942, matasa wajen miliyan 3 sun bi ta cikinta, sun dasa itatuwa kusan biliyan 3. Ana biyan kowa dala 30 a wata, amma 25 gida ake aika wa iyayensa, 5 kawai ke shiga hannunsa, tunda ci da kwana da sutura duk a sansani ne, da dare kuma a yi karatu. Ka kwatanta da namu shirin gwamnatin tarayya na ba mutum 774,000 aikin wucin gadi da aka yi a 2021: mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, wata uku, shara da gyaran kwata. An rage raɗaɗi, ban musa ba, amma wata uku ya yi kaɗan a ce an fita da sana'a. Ni abin da nake ɗauka daga na Amurkan shi ne rabon kuɗin. Ku raba haƙƙin yaro gida uku: na hannu duk mako, na gida in akwai uwa ko ƙanne da yake ɗauke da su, sai na ajiya da ba zai taɓa ba sai ranar yaye, da shi za a saya masa wuƙa, almakashi, baro, leda da tiyo. Littafin ajiyar ya kasance a fili, kowa ya ga nasa duk Juma'a.

Kuma kada ka biya a kan yawan abin da aka dasa. Wannan kuskuren ni na yi shi da hannuna. Wata shekara a wani aikin gefen hanya muka ce kowane dashe da kuɗinsa. Kafin la'asar aka ce an gama, muka yi ta murna. Da rani ya shiga suka bi juna suna bushewa. Na sa aka tono guda goma: bakwai da ledarsu aka binne su, saiwa ta naɗe a ciki kamar gammo. Bayan nan wani manomi ya nuna mini inda aka juye sauran a cikin rami. Laifin nawa ne, don abin da na saya shi aka sayar mini. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyarta ta dashe a 1977 har ta samu lambar Nobel a 2004, matan karkara tana ba su ɗan ihsani ne a kan tsiron da ya rayu. Haka za ku yi. Kowane yaro a ba shi layinsa da sunansa, a ƙirga a watan Mayu, bayan zafin Maris da Afrilu ya gama tankaɗe, a ba da lada mai kauri a kan kowane mai rai.

Masu kashe dashe huɗu ne: akuya, gara, gobarar daji da ƙishirwa, kuma akuya ce shugabarsu. Saboda haka ku rage buri. Hekta ɗaya, in an ba da tazarar mita 4, itace 625 take ci. Mangwaro mai tazarar mita 10 kuwa 100 ne. Kowane ɗaya yana son kariya ta ƙaya ko kwando ko bulo, da kwarin ban-ruwa a gindi, da ciyawa a rufe don damshi ya daɗe, da sharar wuta kewaye da filin tun Oktoba. Ɗari uku da suka rayu sun fi dubu biyar na rediyo. Itacen turare kuma, duk da saurin girmansa, a nisanta shi da rijiya da gonar mutane, shan ruwa gare shi.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar leda ko bokiti, kuma a ƙasar Hausa ta yi suna. A Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar ta riga ta yi zurfi, don haka girman ba a magana. Suka kira shi sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Yaron da ya iya wannan, ya san kalgo da sabara da gawo da marke tun suna toho, yana da abin da zai nuna wa manoman Dukku da Nafaɗa da Funakaye.

Tsakanin Nuwamba da Janairu aikin lambu yakan yi sauƙi, sai a cike gurbin. Kiwon zuma a akwati ya fi amya, don ana ɗiba ba a ƙona ƙudan ba. Gawayin ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, a ƙona a ganga a daka a kwaɓa da kokon rogo a matse, yana da kasuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 girki ya koma kan gawayi, sai dai ku gwada a gidajenku tukuna. In yana hayaƙi ko yana saurin zama toka, mata sau ɗaya za su saya. Takin shara ma lambunku da kansa zai cinye. Wani zai ce maka ai akwai aikin gadin daji a Yankari. Akwai, dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma aiki ne na mutunci, amma guraben kaɗan ne, ga haɗarin mafarauta masu bindiga, kuma 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da dajin sun fi cancanta. Kada ka yi wa kowa alkawarinsa.

Su kansu yaran fa? Talatin a hannun mutum ɗaya taro ne kawai. Ku kasa su biyar-biyar ko shida-shida, kowane kashi da ubangidansa, mutumin da da ma da wannan sana'ar yake ci, kuma shi ma a biya shi. Tsoffin 'yan Kalaren nan kada a haɗa su wuri ɗaya, kada kuma a yi ta nuna su. A zamanin Gwamna Ɗankwambo an horar da irinsu aka mai da su jami'an tsaftar muhalli da masu ba da hannu a titi, kuma ya nuna cewa yaran suna karɓar gyara in an ba su riga da matsayi. Bambancin da naku shi ne wancan albashi ne, ku kuwa ba ku da baitulmali, dole abin da za ku ba su ya zauna a hannunsu. Wata ukun farko ba sana'a kake koyarwa ba tukuna, zuwa a kan lokaci kake koyarwa, da mayar da kayan aiki inda aka ɗauka, da jin gyara ba tare da an zare ido ba. Mai shaye-shaye kada a kore shi ranar farko, amma ranar da ya zo a buge ba wuƙa ba kwari, ba kuma kuɗin ranar. Wanda abin ya yi wa zurfi asibiti yake buƙata, lambu ba zai iya masa ba.

Ku ware awa ɗaya kullum don karatu da lissafi, a kan aikin kansa: sunan itace a kan allo, ranar shuka, nawa aka saya nawa aka sayar. Almajiran nan za su ba ka mamaki. Wanda ya iya ajami ya fara rubuta lissafinsa da shi, boko ya biyo baya, kuma wanda ya haddace izu goma sunayen itatuwa hamsin ba za su gagare shi ba. Su ne ma za su tuna wa sauran hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Ban ga ka ambaci mata ba. Ku sa su. 'Yan mata da zawarawa sun fi maza haƙurin aure da tsirar da iri, kuma ana iya yin sa a tsakar gida, ga sarrafa zogale da man darbejiya.

Fili kuma a yi shi a rubuce tun yau, gaban mai unguwa da hakimi: na wane ne, shekara nawa aka ba ku, wa ke da itacen da 'ya'yansa. Na sha ganin filin da ba mai so, ranar da mangwaro ya fara zuba sai ga magada da takarda. In wurin yana kusa da burtali, ku zauna da ardo kafin ku kafa ko turke ɗaya. Wajen shaida, ku nemi haɗin kai da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Daɗin Kowa, ga ta a bakin ƙofarku, ku kuma tuntuɓi ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Waɗanda suka karkata ga gini a sa su yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. A yi bikin yaye na gaske, iyaye su zo, ubangida ya miƙa wa yaro kayan aikinsa a bainar jama'a, kamar yadda teloli da makanikai ke yi.

Masu cewa ɗinki da walda kuma kada ka yi jayayya da su, domin unguwa ɗaya ba za ta ɗauki masu lambu talatin ba, kamar yadda ba za ta ɗauki teloli talatin ba. A lissafina, a bar wajen goma a raino da aure, shida zuwa takwas a aikin dutse da gini, 'yan kaɗan a zuma da gawayi, sauran a kai su waldar da kafinta da ɗinkin. Lambun ne zai zama mai cinikinsu na farko: mai walda ya yi kejin kare dashe da gyaran baro, kafinta ya yi akwatin zuma, tela ya ɗinka rigar ɗibar zuma da kakin aiki.

Ta inda za ku fara kuwa, wannan makon ka ɗauki yara uku da ka fi ganin hankalinsu, ku zaga masu sayar da dashe a bakin titi, ku wuce Daɗin Kowa. Ku tambayi nawa ne mangwaro marar aure, nawa ne mai aure, wanne ne ke ƙarewa kafin Yuli, wanne ke kwantai, kuma wane ne a cikinsu zai yarda ya karɓi yara biyar. Ka bar yaran su yi tambayar da bakinsu, kai ka riƙe biro. Abin da kuka rubuto shi za ka kai wa Alhaji da waɗanda suka yi dariyar, a zaman ƙungiya na gaba.